Turmin Inna da Waƙar Mai Tano

Turmin Inna ya tsage a bana. Ba faɗuwa ya yi ba, ba kuma wani ne ya buge shi ba. Wata safiya dai muka tashi muka tarar da tsaga ta sauko daga bakinsa zuwa ƙugu, siririya kamar zare. Na kai wa maƙeri ya ɗaure shi da ƙarfe, ya dawo yana aiki, amma muryarsa ta dishe. Da can in taɓarya ta faɗa cikinsa, a tafin ƙafarka za ka ji amon. Yanzu sai ya yi wani gajeren tari, irin na tsohon da ke son magana maƙogwaro ya ƙi. Ran da na fara jin wannan tarin, na jingine taɓarya na zauna a gindin bedi, wato dogon yaro, na daɗe ban tashi ba, don muryar Kawu na ji, alhali Kawu ya daɗe a ƙasa.

Garinmu Gure, a yarintata, da kunne ake saninsa. Tun kafin gari ya yi haske turame ke gaisawa daga gida zuwa gida, wannan ya faɗa, wancan ya amsa, har mutum ya iya gane wadda ta makara da wadda ta tashi da fushi. Da hantsi raƙuma su shigo daga kwari da kanwa, suna gurnani kamar an zalunce su. Da la'asar kuwa tasha ce ke da gari, kuma tashar tana bayan dangarmu. Kamiyo, manyan motocin kaya, na tari, 'yan kamasho na rantsuwa cewa saura mutum ɗaya motar Damagaram ta tashi, masu tallan dabino na ratsa ƙafafun mutane. Yanzu an kwashe tashar an kai ta bakin gari, an jera shaguna a gurbinta. Hatsi inji ke niƙawa, yara ke kai shi a bokiti su dawo da gari mai ɗumi wanda ba ya ƙamshin kowa. Samari na zaune kafaɗa da kafaɗa a inuwa, kowa da abu a kunnensa, kowa na dariya shi kaɗai. Ba na cewa sun lalace. Ni ma wayata na nan kusa da ni. Sai dai ban san yaushe rabona da in ji mutane da yawa sun faɗi kalma ɗaya a tare ba, in ba amin a masallacin idi ba.

Mahaifina ya rasu ina goye, Inna ta koma gidan ubanta da ni. Kakan nawa shi ma ya riga ya rasu, saboda haka mu uku ne a gidan: ni, da Inna, da yayanta, wato Kawu. Inna ba mace ba ce mai waƙar daka. Maƙwabta na lugude suna tafi suna zambo, ita kuwa bakinta a rufe. Amma akwai abin da take yi, wanda na ɗauka kowace uwa haka take. Takan yi ta dakan ribiɗi, sai ta ɗaga taɓarya ta riƙe ta a sama ɗan lokaci, kanta a karkace kamar mai sauraron kira daga nesa, sannan ta saki kalma guda a hankali tare da faɗuwar taɓaryar. Yunwa. Ta ci gaba da daka. Can kuma ta sake tsayawa. Duniya. Sai gaskiya, sai inuwa, da wasu da ke biye, kullum a jere ɗaya, ba ta taɓa sa wata a gaban wata ba. Ta ƙarshe kuwa, wadda take faɗa in gari ya yi laushi za ta kwashe, ita ce gida. Na taɓa tambayarta abin da take cewa. Ta ce, "Na ce wani abu? Miƙo mini rariya."

Kawu dogo ne siriri, ba shi da haƙoran gaba, kuma magana a wurinsa kamar ruwa ce a bazara. Aikinsa dabino. Muna da 'yan itatuwa a wani kwari a hanyar Bune, da sanyi yakan hau su ya ɗauko furen namiji ya ɗaura a na mace, ya sauko da ƙaya a hannu. Sauran lokaci yana kafa shingen kaba a kan tudu don tare yashi, yashin kuma na haura shingen a sannu, shi yana sake kafawa. Sunan kakata aka sa mini, shi ya sa yake ce mini Uwata. In na dawo daga lakwal, makarantar boko, ina haddar waƙoƙin Faransanci da mushe, wato malaminmu, ya ba mu, hannu a harɗe a ƙirji kamar yadda aka koya mana, sai ya zauna yana kallon bakina. Ranar nan ya ce, "Uwata, su waɗanda kike faɗa wa, me suke yi in kina faɗa?" Na ce shiru suke yi, ai haka ake yi. Ya gyaɗa kai ya ce, "Allah sarki."

A bakin wani tsoho mai shayi a tasha na fara jin waye Kawu. Kullum in an aike ni na gifta teburinsa sai ya ce, "'Yar Mai Tano, zo ki karɓi gutsuren burodi."

Rannan na tsaya na ce, "Baba, ni ba 'yar tano ba ce. Tano ai na zuba mai ne."

"Ji ta da baki kamar nasa. Bai gaya miki ba ko? Ba zai gaya miki ba, an sa wa wancan bakin kwaɗo. Zauna nan, kada ki taɓa mini sukari."

Ya ce a shekarun fari, lokacin mulkin soja, Kawu ya dawo daga lise, babbar sakandare ta Damagaram, ba takarda, sai gashi. Gashi a tsaye kamar kan goruba, ba hula. Wando tsukakke ka ce a jikinsa aka ɗinka, ƙafafu kamar na zalɓe, baƙin tabarau ko da hadari, da wata baƙar kwat ta gwanjo wadda inda ta yage bai ɗinke ba, sai ya kama da waya. Ya yi karen mota har kudu, ya jiyo faifan samarin wasu ƙasashe masu ihu a kan masu mulkinsu, ya ce shi ba ya bukatar ko molo. Ran kasuwa da la'asar sai ya mirgino tanon mai da ba kome ciki, ya kifa shi a tsakiyar tasha, ya haye.

"Ba makaɗi, ba 'yan amshi, ba kirarin kowa. Attajiri ya zo zai manna masa a goshi, ya kauce kamar an kawo masa mari. Magana ce zalla, 'yar nan, da gudu, kamar kamiyo ya tsinke burki a gangara. Ya yi ta jan ka, ya yi ta jan ka, har ya kawo ka bakin kalmar ƙarshe. Sai ya tsaya cik, ya buɗe tafin hannu ya miƙo. Mu kuma mu faɗa. Duk tasha, har da raƙuma."

"To in ba ku sani ba fa?"

"Wa bai sani ba? Abin da ke cikin kowa ne. Shi dai ya buɗe ƙofa, mu muka fito."

Ya ce da abin ya kai kunnen masu kaki, suka zo suka ce wa Kawu, kai ne ka ce kaza da kaza a kan masu rabon hatsi. Kawu ya ce, ranku ya daɗe, ni ban ce ba, ku tambayi tasha. Tsohon ya yi dariya har ya yi tari, ya goge ido da bakin rigarsa. "To wa zai ɗaure tasha? Motarsu ba ta ɗaukar tasha. Sai suka ɗauki wanda motar ke ɗauka." Kawu ya daɗe bai dawo ba. Da ya dawo kai a aske yake, tabarau babu, haƙoran gaba babu.

Sauran labarin a wurin matan unguwa na tsince shi, kaɗan kaɗan, a bakin famfo. Mu ba jinin maroƙa ba ne, manoma ne masu dabino, kuma kakana mutum ne da ake kira in za a raba gado. Saboda ɗansa aka kira shi aka zaunar da shi a rana a ƙofar wani biro, ofishin hukuma, yara na wucewa suna kallon rawaninsa. Ya dawo gida ya tara iyalinsa, ya ce baki shi ke yanka wuya, kuma na ɗansa ya yanka na gidan duka. Bai kore shi ba. Abin da ya ce shi ne, a gidan nan babu mai amsa masa waccan maganar, ko ina raye ko ba na raye. Inna tana budurwa a lokacin, ta durƙusa ta ce, "To, Baba." Ta riƙe wannan to ɗin kamar yadda ake riƙe azumi. Tana dafa wa yayanta, tana wanke masa riga, tana cire masa ƙaya a hannu da allura, amma maganar tano ba ta taɓa shiga tsakaninsu ba.

Na roƙi Kawu ya yi mini ko guda ɗaya, a kwari, inda ba kowa sai mu da tsuntsaye. Na ce ai an ce waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi. Ya ce, "Ta wasu ke nan, Uwata. Tawa ƙafa biyu gare ta, ɗaya tawa, ɗaya ta taro. Kin taɓa ganin ƙafa ɗaya ta tafi kasuwa?"

Shekarar da zan gama firamare aka kawo mana wani sabon mushe, saurayi mai son littattafai. Mahaifinsa ya taɓa yin shofa, wato direba, a hanyar nan, ya ba shi labarin Mai Tano. Da ya ji cewa kawuna ne, ya biyo ni har gida, ya cire takalmi a zaure, ya roƙi Kawu ya zo bikin ƙarshen shekara ya yi wa yara abin da ya yi wa iyayensu. Na zaci Kawu zai ce a'a. Ya daɗe yana kallon hannuwansa, sannan ya ce, "A samo tano."

Ana saura 'yan kwanaki muka dawo daga ɗiban ruwa ni da Inna, muka tarar da shi a tsakar gida ya buɗe tsohuwar adaka, ya sa baƙar kwat. Ta yi masa yawa, wayar da ke kafaɗarta ta yi tsatsa. Inna ta sauke tulu a hankali.

"Yaya, da furfurarka?"

"Furfurar aka gayyata, Auta."

"Waɗanda suka san ka rabi suna ƙasa, rabi ba sa ji. Mai shayin ma da ke yi maka shela, an binne shi da sanyin nan. In ka tsaya aka yi shiru fa?"

"Sai in san an yi shiru."

"Ka sha wuya sau ɗaya a kan tanon nan. Kana so yara su yi maka dariya a kansa kuma?"

Ya ɗago ya dube ta. "Ke za ki je?"

"Zan je, 'yata za a ba kyauta. Amma ka san abin da Baba ya ce."

"Na sani. Ina wurin."

Ta ɗauki tulun ta shige madafa. Ni kuwa na fahimci abu guda ko da yake yarinya ce ni: mutumin da ya yi shekaru yana shiru yana zaton an hana shi ne. In ya hau tano ya miƙa hannu ba a amsa ba, zai san ba hani ba ne, mantawa aka yi, kuma ban ga abin da zai saura masa ba bayan wannan.

Jajibirin bikin aka yi ruwan farko, mai ƙarfi. Duk wanda ya tashi a nan ya san abin da ke biyo baya. Kafin hantsi gari ya zama na mata da yara, maza sun kwashi sungumi da iri sun bazu gonaki, wasu har wajen Kelle, don danshi ba ya jiran biki. Mutanen da suka taɓa tsayawa a tasha suna samari, in ma akwai sauransu, suna can suna sara ƙasa. A filin lakwal da la'asar, kujerun gaba na ma'aikata ne baƙi da aka turo daga wasu garuruwa, a tsakiya mu ne a zaune a kan yashi mai danshi, can baya a gindin bedi kuma iyaye mata da lulluɓinsu. Kafin a fara, mushe ya zagaya mu da tsumagiya a hannu, fuskarsa cike da murna. Ya ce, "Babban mutum ne zai yi magana yau. A harɗe hannuwa. Duk wanda na ji ko da tarinsa, ni da shi." Girmamawa yake nufi, Allah ya sani. Abin da aka koya masa ke nan, shi ma ya koya mana.

Aka mirgino tanon da muke tara ruwa, aka kifa. Aka miƙa wa Kawu abin magana ya ture shi. Ya hau da ƙyar, gwiwarsa ta yi ƙara, wata yarinya kusa da ni ta toshe baki da ɗankwali saboda kwat ɗin. Ya tsaya yana kallon sama da kawunanmu. Sannan ya buɗe baki, wata murya ta fito wadda ban taɓa sanin tana zaune a gidanmu ba, a dishe, da sauri, iska na fita ta gurbin haƙora, kowace kalma na taka dugadugan ta gabanta.

Mota ta zo da jar dawa,
An ce a yi layi, ban da tsawa,
Mun tsaya tun hantsi har faɗuwa,
Mai awo ya yi tumbi, ya yi wuya,
Mu muka koma gida da...

Ya tsaya cik. Ya buɗe tafin hannu ya miƙo mana.

Ban taɓa jin shiru irin wannan ba, kuma har yau yakan same ni a tsakiyar aji ko a layin famfo, ba gaira ba dalili. Yara ɗari da ɗoriya, hannuwa a harɗe, idanu a kansa cike da ladabi. Ma'aikata suna jiran ya ci gaba, wani ya ɗauka mantuwa ce ya sunkuyar da kai don ya rufa masa asiri. Mushe na tsaye a gefe yana murmushi, yana alfahari da tarbiyyarmu. Wata akuya ta yi kuka a bayan aji. Kawu ya maimaita layin ƙarshe, a hankali wannan karon, ya sake miƙo hannun. Na ga ƙafarsa ta dama ta fara laluben bakin tanon, tana neman hanyar sauka.

Daga can baya, a gindin bedi, murya ta zo. Ba ta ɗaga ba. Muryar daka ce, wadda ke faɗuwa tare da taɓarya.

"Yunwa."

Kowa ya waiga ban da Kawu. Ya rufe ido, ya maida ƙafarsa tsakiyar tano, ya dunƙule hannun kamar an sa masa wani abu a ciki. Sannan ya ja numfashi ya shiga ta biyu.

Na tashi tun da safiya,
Na je kwari in gai da rijiya,
Yashi ya tare ni da dariya,
Ya ce ta riga ka barin...

"Duniya," in ji Inna. Amma wannan karon ba ita kaɗai ba ce. Matar mahauci ta faɗa tare da ita, da wata tsohuwa mai ƙosai, da wasu biyu ko uku, duk waɗanda gidajen iyayensu ke kewaye da tsohuwar tasha. Sun faɗa suna kallon juna kamar waɗanda suka gane a mafarki ɗaya suka kwana. A ta uku mu yara muka gane wasan, hannuwa suka warware da kansu, na ji bakina ya faɗi gaskiya tun kafin in yi tunani, don na san ita ce ke biye. Mushe ya ɗaga tsumagiya, ya dube mu, ya dubi Kawu, ya sauke ta a hankali ya ɓoye a bayansa. A ta huɗu da shi aka amsa.

Kawu bai kai ƙarshe ba. A tsakiyar wata sai tari ya sarƙe shi, muryar ta tafi gaba ɗaya, aka kama shi ya sauko. Aka raba kyaututtuka, aka ba ni littafi da sabulu, ban ma san wa ya miƙo mini ba.

A hanyar gida muna tafe mu uku a kan yashi mai sanyi, ƙamshin ruwan jiya bai gama tashi ba. Kawu ya rataya kwat a kafaɗa. Da raɗa, don abin da ya rage masa ke nan, ya ce, "Auta, a ina kika haddace su? Ban taɓa ganin ki a tasha ba."

"Wa zai bar ni in je tasha?"

"To?"

"Ina bayan danga ina daka. Muryarka ba ta haurowa, Yaya, muryar mutum ɗaya ce. Sai in ji tasha ta yi tsit, in san kai ne. In riƙe taɓarya in jira. Can sai in ji gari duka ya faɗi kalma ɗaya. Ita kaɗai ke zuwa mini." Ta gyara lulluɓi. "Yau na fara jin abin da nake amsawa."

Kawu ya tsaya a tsakiyar hanya. Yana nan tsaye har wani mai amalanke ya ce a ba shi wuri.

Inna ta ce, "Na saɓa wa Baba, kuma zan ɗauki alhakin. Ban dai iya ganin hannunka a buɗe a gaban yara kamar na mai bara ba." Muka ɗan ci gaba. Sannan ta ce, ba ta dube shi ba, "Saura ɗaya. Wadda ake rufewa da ita."

"Baɗi, in da rai. Ita ba a yin ta a mutum biyu."

Daga wannan Juma'a Inna ta fara soya masa tana rabawa sadaka da sunan mahaifinta, kuma ba ta fasa ba har yau. Ba ta taɓa cewa don me ba, ni ma ban tambaya ba.

Tarin bai bar Kawu ba. Ya ga damina, ya ga kaka, da sanyi ya shigo ya kwanta, a shekarar ba wanda ya hau dabinonmu. Ranar da jiki ya yi nauyi, da hantsi, ɗakinsa ya cika da masu dubiya har zaure: maƙwabta, abokan kafa shinge, mushe, matan da suka amsa a gindin bedi. Inna na zaune a wajen kansa da ludayin koko da ya ƙi sha. Ta dubi mutane, ta sunkuya ta ce, "Yaya, ga taro."

Ya buɗe ido ya zagaya ɗakin da su. Leɓɓansa suka fara motsi, da sauri, irin saurin nan. Na matsa har kunnena ya kusa taɓa bakinsa. Ba sauti ko kaɗan, sai iska mai ɗumi. Ya yi ta yi, ya daɗe, girarsa na hawa na sauka, wani wuri har ya yi murmushi. Ɗakin ya yi tsit. Inna ba ta matso ba, kanta dai a karkace kamar mai sauraron kira daga nesa. Sai leɓɓan suka tsaya. Hannunsa ya zame daga cikin bargo, ya buɗe a kan tabarma.

"Gida," in ji Inna.

Ya dunƙule hannun. Kafin azahar aka fara haƙa kabari.

Da na girma na zama malama, na bi tsofaffin da suka rage. Na je wa wani a Kelle, na je wa wani makaho a kasuwar dabbobi, na aika tambaya har Alakos da bakin wani mai raƙumi. Kowa ya tuna gashin, kowa ya tuna kwat da tabarau. In na ce waƙar da ake rufewa da ita fa, sai fuska ta yi haske, a ce, "Gida, ai gida muke cewa." In na ce to me yake faɗa kafin nan, sai a sosa gemu. Wani ya ce yana jin ta masu tafiya cirani ce. Wani ya ce a'a, ta mamata ce. Makahon ya ce, "'Yar nan, kowa abin da bakinsa ya faɗa shi ya riƙe." Biyun da na rubuta a sama su kaɗai na kama a filin lakwal, sauran sun wuce ni da gudu. Kwarin ma yanzu yashi ya sha rabinsa, dabinon da Kawu ke hawa kawunansu kawai ke waje, ana tsinkar su a tsaye.

Hannuwan Inna sun gaji, ba ta iya ɗaga taɓarya. Amma ba ta shan furar garin inji, ta ce ba ta jin ta a ciki. Saboda haka in na taso daga aji da la'asar ni ke yi mata daka a turmin nan mai tari, ita tana kan tabarma a gindin bedi, ƙafafu a miƙe. Bayan danga ba tasha, sai ƙarar wani mai walda. Ban taɓa niyya ba, amma hannuwana sun koya tun ina ƙarama: can cikin daka sai in ga na riƙe taɓarya a sama. Inna ta karkata kai. Mu biyu mu saurara. Ba abin da ke haurowa, mun sani, amma muna ba shi lokacinsa, daidai tsawon da yake bukata, kada mu katse shi. Sannan ta faɗa, ni kuma in saki taɓarya.